HATSI DA SHIBRA DA ƘARANGIYA: DANGI ƊAYA, SHAIDU MASU SAƁANI

Kowace kaka manoman Takieta suna ware zangarniyar da za su ajiye iri, suna fitar da ta shibra gefe. Masu binciken kimiyya kuma sun shafe shekaru suna neman sanin dangantakar hatsi da shibra da sauran ciyayin daji. Abin da suka tarar shi ne ƙwayoyin gadon da ke cikin tsaba guda ba su ba da labari guda. Ga dalilin haka, da abin da ya shafi manomi da ma'aikacin gona da na kiwon lafiya a ciki.

Baƙuwar da ba ta barin gona

Takieta tana kan babbar hanyar da ta taso daga Maradi zuwa Damagaram, kimanin kilomita 50 yamma da birnin, a mararrabar da ake ratsewa zuwa Matamaye da Kano. A shekarar 2011 aka cire ta daga Mirriya ta zama gunduma mai cin gashin kanta, tare da ƙananan hukumomin Garagumsa da Tirmini da Dakusa. Ƙasa ce ta jigawa, kuma hatsi shi ne abincin gida: da shi ake fura, da shi ake tuwo, da cikar rumbunsa ake auna arzikin magidanci.

Duk wanda ya taɓa riƙe hauya a wannan ƙasa ya san shibra. Tana tsirowa tare da hatsi, sau da yawa cikin rami ɗaya, kuma tun tana ƙarama da wuya a bambanta su. Sai ta fitar da kai asirinta yake tonuwa: zangarniyarta siririya ce mai gashi, tsabarta ƙanana, tana riga hatsi nuna, kuma da ta nuna sai ta kakkaɓe ta zube ƙasa. Manomi yana cire ta lokacin noman firi da maimai, amma baɗi sai ta dawo. A shekarar da rumbu ya ƙare tun damina ba ta raba ba, ita ce iyali suke fara yanka su sa a baki kafin hatsi ya iso.

To ita shibra ƴar wane ce? Wasu sukan ce hatsi ne ya lalace, wasu su ce ciyawar daji ce ta shigo gona. Binciken da aka yi a Nijar da Mali ya nuna kowane ɓangare yana da rabin gaskiya. Akwai hatsin daji da yake fitowa da kansa a arewa, wajen Damargu da Azawak da kwaruruwan Azbin. Shi da hatsin gona suna barbarar juna, domin iska ce take ɗaukar bununi daga wannan zangarniya zuwa waccan. Shibra jikar wannan auratayya ce. Gadon dajin ya daɗe da shiga cikin irin shuka, shi ya sa ake ganin ta har a gonakin kudu inda babu hatsin daji ko kusa.

Shaidu dubu talatin da takwas

Cikin jikin kowane mai rai, tsiro ne ko dabba, akwai wani sinadari da masana suke kira ADN. Shi ne yake ɗauke da gadon halitta daga iyaye zuwa ƴaƴa. An kasa shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da aikinta, ana kiran ta ƙwayar gado. Wata tana kula da tsawon kara, wata da launin tsaba, wata da ranar da hatsi zai fitar da kai. Ƙwayoyin kuma an ɗaure su dami-dami, kowane dami ana ce masa kuromozom. Hatsi yana da dami 14, bakwai daga uwa, bakwai daga uba. A shekarar 2017 wata ƙungiyar masana ta ƙasashe da yawa, ƙarƙashin jagorancin cibiyar ICRISAT, ta gama karanta gadon hatsi, ta ƙidaya ƙwayoyin gado fiye da 38.000.

Idan masani yana son sanin dangantakar tsirrai uku ko huɗu, sai ya ɗauki ƙwayar gado guda, ya karanta ta a cikin kowannensu, ya gwada. Waɗanda tasu ta fi kama da juna sai ya ce sun fi kusa, ya zana musu salsala mai siffar itace, da gindi da rassa. Da farko an ɗauka kowace ƙwaya aka duba itace iri ɗaya za ta bayar. Da na'urori suka ƙaru, aka samu damar duba ɗaruruwa da dubbai, sai aka ga wannan ƙwaya ta haɗa na ɗaya da na biyu, waccan kuma ta haɗa na biyu da na uku. Aka sake gwaji, aka gyara lissafi, saɓanin yana nan.

Mutanen Damagaram ba baƙin wannan magana ba ne. Idan ana jero sarakuna a fada, ana bin uba ne da kaka, kamar yadda ake cewa Tanimu ɗan Sulaiman. Wannan salsala gaskiya ce, amma hanya ɗaya kawai ta bi. Kowane mutum yana da kakanni huɗu, iyayensu takwas, na gabansu goma sha shida, kuma kowannensu ya bar masa wani abu. Wanda ya bi ta wajen uwa zai iso wani gari daban, kuma shi ma bai yi ƙarya ba. Haka ƙwayoyin gado suke. Kowace shaida ce mai faɗin hanyar da ita kanta ta biyo.

Shanun da uwarsu daban, ubansu daban

Misali mafi sauƙin ganewa yana cikin garke. Shanun duniya kashi biyu ne: masu tozo, waɗanda asalinsu ƙasar Indiya da Pakistan ne, da marasa tozo, irin Kuri na tafkin Cadi. Duk mai ido zai sa Azawak da jajayen shanun Bororo cikin masu tozo. To akwai wani ɗan yanki na ADN da ɗan maraƙi yake gada daga uwarsa kaɗai, akwai kuma wani dami da bijimi yake gada daga ubansa kaɗai. Tun shekarar 1994 masana na jami'ar Tiriniti a Dabilin, ƙasar Ailan, suka duba gadon uwa na shanun Afirka masu tozo, suka tarar irin na marasa tozo ne. Gadon uba kuwa, a mafi yawan waɗannan shanu, na masu tozo ne.

Bayanin da masana suka bayar shi ne, shanun farko na Afirka ba su da tozo. Daga baya aka riƙa shigo da masu tozo ta gabashin nahiyar, mafi yawansu bijimai, suna hawan shanun da suka tarar, zuriya bayan zuriya, har kama ta juye. Annobar bushiya da ta share garkuna a ƙarshen ƙarni na 19 ta ƙara ba masu tozo wuri. Da wani zai tsaya kan shaidar uwa kaɗai, ko ta uba kaɗai, da ya rubuta rabin tarihi. Saɓanin shaidun biyu shi ne ya tona yadda abin ya faru.

Dalilai uku

Masana sun tattara manyan dalilan wannan saɓani zuwa uku.

Na farko shi ne auratayya bayan rabuwa, irin ta shanu da irin ta hatsin gona da na daji. Dangi biyu sun rabu, kowane ya kama gabansa, sannan suka sake haɗuwa, wasu ƙwayoyin gado suka tsallaka daga wannan zuwa wancan. Ƙwayar da ta tsallaka za ta ba da shaidar gidan da ta fito.

Na biyu shi ne gadon da aka raba tun bai tace ba. A ɗauka wani magidanci yana da rumbu mai gauraye da farin hatsi da ja. Babban ɗansa ya ɗebi iri ya tafi ya kafa ƙauyensa. Bayan ƴan shekaru kaɗan ƙannensa biyu su ma suka rabu, kowa ya ɗebi garwaye. Da zamani ya yi nisa, jan ya ɓace a gidan babban, ya ɓace a gidan auta, amma a gidan na tsakiya farin ne ya ɓace. Baƙon da ya zo yana duba launin hatsi zai rantse babba da auta su ne suka daɗe tare, alhali kuwa na tsakiya da auta ne suka rabu daga baya. Wannan yana yawan faruwa inda rabe-rabe suka zo kusa da kusa. An gan shi ƙarara cikin tsuntsaye: a shekarar 2014 aka karanta gadon tsuntsaye iri 48, aka tarar dubban ƙwayoyin gado suna saɓa wa juna game da rassan farko, domin manyan dangogin tsuntsaye sun rarrabu ne cikin ɗan lokaci.

Na uku shi ne ninkin gado. Wani lokaci tsirrai biyu mabambanta sukan haɗu, ɗan da suka haifa ya riƙe damman iyayen duka biyu ba ragi. Ciyawar giwa, wadda ake nomawa domin dabbobi, tana da dami 28. Rabinsu suna kama da na hatsi ƙwarai, rabin kuma daga wata ciyawa suka fito. Idan aka tambayi ƙwayar da ke cikin rabin farko za ta ce ciyawar giwa ƴar uwar hatsi ce ta kusa. Ta ɗaya rabin za ta nuna wani gida.

Ban da waɗannan akwai kuskuren mai bincike, idan ya dogara ga shaidu kaɗan, ko ya bi lissafin da bai dace ba. Wannan kam ana gyara shi da ƙarin aiki. Sauran ukun ba su gyaruwa, domin tarihin ne kansa ya zo haka.

Ina aka fara noman hatsi?

An daɗe ana wannan tambaya. Masanan da suka gabata, irin su Porter na Faransa da Harlan na Amurka, sun dubi kamannin tsiro da wuraren da na daji yake fitowa, suka ga alamar ba a wuri ɗaya aka fara ba, sai dai a shimfiɗar Sahel daga Senegal zuwa Sudan. A shekarar 2008 masana na cibiyar IRD ta Faransa suka duba wurare 27 cikin gadon hatsin gona da na daji, suka ce asali ɗaya ne, kuma ya fi kama da tsakanin gabashin Mali da yammacin Nijar. Bayan shekara goma, a 2018, Konsetta Burgarella da Iv Viguru da abokan aikinsu suka karanta gadon hatsi samfuri 221 gaba ɗayansa. Suka sa auratayyar gona da daji cikin lissafi, suka kuma tuna cewa hatsin daji da kansa ya yi ƙaura zuwa kudu sa'ad da Sahara ta bushe. Sakamakonsu ya nuna yammacin Sahara, wajen arewacin Mali da iyakar Muritaniya, kuma yaɗuwar noman ta fara kimanin shekaru 4.900 da suka wuce. Masu tonon kufai sun zo da shaidar da ta yi daidai da wannan: a kwarin Tilemsi na Mali an samu alamun hatsin gona cikin fasassun tukwane masu shekaru kusan 4.500.

Abin da ya sa tambayar ta yi wuya shi ne duk inda hatsi ya je a Sahel, ya tarar da ƴan uwansa na daji, ya auri wasu. Ƙwayoyin gadon da suka mai da shi abin nomawa, wato masu hana tsaba zubewa da masu rage gashi, kaɗan ne, kuma yawancinsu suna zaune kusa da juna bisa dami biyu. Su suna nuna gida ɗaya. Sauran dubban kuwa, wasu suna nuna dajin yamma, wasu dajin gabas. Binciken 2018 ya gano wurare 15 cikin gadon hatsin gona inda alama ta nuna abin da aka samo daga daji ya amfane shi har ya zauna. Wato ƙofar da shibra ta shigo ta cikinta, ta nan ne kuma hatsi ya samu wani ɓangare na ƙarfinsa.

Ko sunan hatsi a littattafan masana bai tsira daga wannan bincike ba. Shekara da shekaru ana kiran sa Pennisetum glaucum, a gida ɗaya da kyasuwa da ciyawar giwa, ita kuwa ƙarangiya aka ba ta gidanta daban mai suna Cenchrus, saboda ƙayarta. A shekarar 2010 masana na ƙasar Ajantina da Amurka suka haɗa shaidu iri uku: kamannin tsiro, da gadon da ke cikin koren ganye, da wata ƙwaya ta cikin damman. Shaidun sun saɓa kan wasu ƙananan rassa, musamman wajen ciyayi masu ninkin gado, amma sun haɗu kan magana ɗaya: reshen ƙarangiya daga tsakiyar dangin hatsi ya tsiro. Saboda haka aka haɗe gidajen biyu ƙarƙashin sunan da ya fi tsufa, hatsi ya koma Cenchrus americanus. Kalmar Amurka da ke ciki tsohon suna ne da Line, masanin ƙasar Suwed, ya sa tun 1753, ba ta nufin can ne asalinsa. Ma'aikatan gona da yawa har yanzu tsohon sunan suke rubutawa. Tsofaffin da suka ci tsabar ƙarangiya a shekarun yunwa, ashe ƴar uwar hatsi suka ci.

Inda rinjaye ya ɓata hanya

Mai karatu zai iya cewa: tun da shaidu sun yi yawa, a ƙidaya su mana, a bi masu rinjaye. Masana suna yin haka, kuma sau da yawa yana fitar da gaskiya. Amma sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ya nuna ba kullum ba ne.

Manyan masu yaɗa wannan ciwo a Nijar sauro ne iri uku da ido ba ya bambanta su: gambiae da coluzzii da arabiensis. A shekarar 2015 aka buga binciken da ya karanta gadonsu da na sauran danginsu. Mafi yawan gadon ya nuna arabiensis ɗan uwan sauran biyun ne na kusa. Wani ɗan yanki ƙarami kuwa, a kan damin da ke raba mace da namiji, ya nuna reshensa daban ne. Da aka auna tsufan rassan, sai aka ga ƙaramin yankin ne ya riƙe tsohon tarihi. Sauran gadon auratayya ce ta cakuɗa shi, kamar shaidun da suka kwana gida ɗaya suka fito da baki ɗaya. Binciken da ya biyo baya ya gyara wasu rassa, amma bai rushe wannan darasi ba.

Maganar ba ta tsaya ga littafi ba. Akwai wata ƙwayar gado da ke sa sauro jure maganin da ake sa wa gidan sauro. A wani ƙauye na ƙasar Mali an ga yadda ta tsallaka daga gambiae ta shiga coluzzii wajen shekarar 2006, ta yaɗu cikin ƴan shekaru, daidai lokacin da aka yawaita rabon gidajen sauro masu magani. A Nijar ma, bayan babban rabon da aka yi a faɗin ƙasa a 2005 da 2006, cibiyar CERMES ta Yamai ta ba da rahoton ƙaruwar wannan ƙwaya. Gidan sauro yana nan da amfaninsa, kuma wajibi ne kowane iyali su kwana cikinsa. Sai dai ya kamata ma'aikatan kiwon lafiya su san cewa abin da ya bayyana ga sauro iri ɗaya bana yana iya bayyana ga ɗan uwansa baɗi.

Abin da ya rage ga manomi da hukuma

A shekarar 1976 masana na ORSTOM sun zagaya ƙauyukan Nijar sun karɓi irin hatsi sun adana. A 2003 aka koma ƙauyuka 79 daga cikinsu aka sake karɓa, sannan aka shuka tsoho da sabo gefe da gefe. Tsakanin shekarun biyu ƙasa ta sha fari mai tsanani, musamman na 1984. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna manoma ba su yar da irinsu na gargajiya ba, kuma yawancin gadon bai canza ba. Amma hatsin 2003 yana riga na 1976 fitar da kai, kuma wata ƙwaya mai sa saurin nuna ta kusa ninka yawanta. Iri ɗaya, suna ɗaya, amma ƙwaya guda a cikinsa ta yi tafiyarta ita kaɗai, ta bi gajeruwar damina. Hakan ya yiwu ne domin tun farko irin ba tsantsa ba ne, akwai abin zaɓa a cikinsa.

Daga nan abubuwa uku suke fitowa fili. Na ɗaya, zaɓen iri a gona, zangarniya bayan zangarniya, tun kafin a ɗaure dami, shi ne babban maganin shibra. Wanda ya ci irinsa da bazara ya koma sayen hatsin kasuwa da ba a san gonarsa ba, shi ne ya fi ganin ta. Ma'aikatan gona da ƙungiyoyin manoma za su yi babban taimako idan suka tsare rumbunan iri na ƙauye.

Na biyu, sabon iri irin su HKP, da Chakti mai yawan sinadarin ƙarfe wanda aka fitar a 2018, suna da amfani, amma tun da iska ce take aurar da hatsi, bayan ƴan shekaru sukan gauraya da na maƙwabta. Dole a riƙa sabunta su daga hannun masu sarrafa iri, kada a zargi manomi da sakaci.

Na uku, kada zuwan sabo ya sa a yar da Zango da Ankutas da Ba'angure da maiwa, kada kuma a raina hatsin daji da ciyayin da ke wurare irin dajin Takieta da hukuma ta keɓe. Cibiyar INRAN, wadda aka kafa a 1975, da ta ICRISAT da ke Sadore suna adana iri a ɗakunan sanyi, amma irin da ke cikin ɗaki ba ya koyon sabuwar damina. Na gona ne yake koyo, a hannun mai zaɓensa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma babu wanda ya san cikin wane tsohon iri ƙwayar da za a nema gobe take kwance.